Ruwa da Nutsarwa a Littafi Mai Tsarki: Daga Wankan Firistoci zuwa Baftisma

Ruwa na cikin abubuwan da Littafi Mai Tsarki na Kirista ya fi yawan ambata, kuma ba da fuska ɗaya yake zuwa ba. A wani wuri abin sha ne mai raya mutum, a wani wuri abin wanka ne mai kawar da ƙazanta, a wani wurin kuma ambaliya ce mai cinye duk abin da ta tarar. Wannan ba ya rasa nasaba da ƙasar da aka rubuta yawancin littattafan a cikinta. A ƙasar Kan'ana ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Oktoba zuwa Afrilu, sauran watannin kuwa rani ne, jama'a su dogara da idon ruwa da rijiyoyi da ramukan tara ruwa da aka fafe a cikin dutse. Kwarin da ya yi wata da watanni a bushe yana iya cika maƙil cikin ɗan lokaci idan an yi ruwa a kan tuddai, ya yi awon gaba da makiyayi da garkensa. Mutanen da suka tashi a irin wannan ƙasa sun san ruwa rai ne, sun kuma san ajali ne. Ma'anar nutsarwa a addinin Kirista a kan waɗannan fuskoki biyu ta ginu, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗayar ba zai gane abin da Sabon Alkawari ke nufi da baftisma ba.

Fuskar halaka ce ta fara bayyana. Littafin Farawa ya buɗe da duniya lulluɓe da ruwa, aikin halitta kuma ya haɗa da yi wa ruwan iyaka domin busasshiyar ƙasa ta fito. A surori na 6 zuwa 9, da mugunta ta cika duniya, sai aka ɗage iyakar, aka yi kwana 40 ana ruwa, mutum takwas kawai suka tsira, wato Nuhu da iyalinsa. Ruwan da ya share tsohuwar duniya shi ne kuma ya ɗaga jirgin. Haka abin ya sake faruwa a sura ta 14 ta Littafin Fitowa: teku ɗaya ta zama hanya ga Isra'ilawa, ta zama kabari ga rundunar Fir'auna. Marubutan Sabon Alkawari sun koma ga labaran nan biyu sa'ad da suke bayanin baftisma. Wasiƙar Bitrus ta Fari ta danganta ta da tsirar Nuhu, Bulus kuma a Wasiƙarsa ta Fari ga Korintiyawa ya ɗauki haye teku a matsayin baftismar da ta haɗa jama'ar da Musa.

A Shari'ar Musa ne wanka ya zama doka mai ƙa'idoji. Tsakanin alfarwar sujada da bagade an ajiye daro na tagulla, wanda Littafin Fitowa ya ce an ƙera shi daga madubban matan da ke hidima a ƙofar alfarwar. A nan Haruna da 'ya'yansa suke wanke hannuwa da ƙafafu kafin su matso, kuma hukuncin wanda ya ƙi shi ne mutuwa. Ranar da aka keɓe su domin aikin firist, Musa ne ya yi musu wanka kafin ya sa musu tufafin hidima. A Ranar Kafara babban firist yakan yi wanka kafin ya sa fararen tufafin lilin, ya sake yi bayan ya tuɓe su. Da Sulemanu ya gina Haikali, ya yi wata babbar kwatarniya ta tagulla mai faɗin kamu 10, aka ɗora ta a kan siffofin bijimai 12, uku-uku suna fuskantar kowace kusurwa.

Akwai abin da ya kamata a bambanta a nan. Ƙazantar da Littafin Firistoci ke magana a kai ba lallai ne ta zama zunubi ba. Matar da ta haihu ba ta yi laifi ba, ɗan da ya binne mahaifinsa ma bai yi laifi ba, amma dukansu sun shiga halin da ke hana su kusantar wuri mai tsarki har sai sun tsarkaka. Mai karatun da ya san alwala da wankan janaba ba zai sha wahalar gane wannan ba. Abin da ke janyo irin wannan ƙazanta yawanci yana da alaƙa da mutuwa ko zubar abin da ke ɗauke da rai: gawa, jini, maniyyi, cutar fata mai cin jiki. Ruwan kuwa shi ke mayar da mutum gefen masu rai.

Tsarin tsarkake kuturu a sura ta 14 ta Littafin Firistoci ya nuna haka filla-filla. Firist yakan fita bayan zango ya duba mutumin, kuma ba a fara komai sai an tabbatar cutar ta riga ta warke. Sai a kawo tsuntsaye biyu masu rai, da itacen al'ul, da jan zare, da reshen ɗaɗɗoya. A yanka tsuntsu ɗaya a kan ruwa mai gudu da aka zuba cikin kaskon ƙasa, a tsoma mai ran a cikin ruwan da jinin, a yayyafa wa mutumin sau bakwai, sannan a saki tsuntsun ya tashi zuwa daji. Mutumin ya wanke tufafinsa, ya aske gashinsa, ya yi wanka, ya shigo zango, amma ba zai kwana a alfarwarsa ba sai bayan kwana bakwai, inda zai sake aske kai da gemu har da gira, ya sake wanka. Ruwan bai warkar da shi ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe masa ƙofar komawa cikin mutane da wurin sujada. Tsuntsu ɗaya ya mutu, ɗaya ya ratsa ruwa da jini ya tashi, kuma masu sharhi na Kirista da dama sun ga hoton mutuwa da tashin Almasihu a nan. A sura ta 19 ta Littafin Ƙidaya akwai wani tsarin ga wanda ya taɓa gawa: a ƙone jar karsana da ba a taɓa ɗora mata karkiya ba, a adana tokarta, a dama da ruwa, a yayyafa wa mutumin a rana ta uku da ta bakwai.

Labarin nutsewa mafi shahara a Tsohon Alkawari ba na Ba'isra'ile ba ne. Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, kuturu, wanda wata yarinya da aka kamo bayi daga Isra'ila ta ba uwargidansa labarin annabi Elisha. Ya zo da dawakai da karusai da azurfa da zinariya, amma annabin ko leƙowa bai yi ba, manzo ya aiko ya ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya fusata, ya ce Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi duk ruwan Isra'ila. Ta fuskar ruwa ba za a ce ya yi kuskure ba, domin Urdun ƙaramin kogi ne mai laka. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka nuna masa cewa da abu mai wuya aka sa shi, da ya yi. Ya sauka ya nutse sau bakwai, fatarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Labarin bai ba kogin wani iko ba. Abin da ya sauka cikin ruwan shi ne girman kan janar ɗin, wanda ya fito kuwa mutum ne da ya yi alkawarin ba zai ƙara miƙa hadaya ga wani allah ba.

Annabawa ne suka matsa da wankan daga fata zuwa zuciya. Ishaya ya buɗe littafinsa da tsawatar wa masu yawan hadayu da addu'o'i alhali hannuwansu jiƙe da jini, kuma wankan da ya nema a gare su shi ne barin mugunta da tsaya wa maraya da gwauruwa. Irmiya ya ce ko da kanwa da sabulu mai yawa suka yi wanka, tabon laifinsu yana nan a gaban Allah. Zabura ta 51, wadda aka danganta da Dawuda bayan abin da ya faru tsakaninsa da Batsheba, ta ɗauki kayan aikin firist, har da ɗaɗɗoya, ta roƙi Allah da kansa ya yi wankan. Wannan babban sauyi ne: mai laifin ya daina ganin zai iya wanke kansa. Ezekiyel, wanda firist ne da aka kai bauta Babila, ya kai maganar ƙarshenta a sura ta 36, inda Allah ya yi alkawarin yayyafa wa jama'ar ruwa mai tsabta, ya cire musu zuciyar dutse ya ba su ta nama, ya sa Ruhunsa a cikinsu. Haɗuwar ruwa da Ruhu da sabuwar zuciya a wannan wuri ita ce ginshiƙin kusan duk abin da Sabon Alkawari ya faɗa daga baya.

Zuwa ƙarni na farko, nutsewa ta zama ruwan dare a rayuwar Yahudawa. Masu tonon kayan tarihi sun gano ɗaruruwan wuraren wanka masu matakala da aka fafe a dutse, a gidaje da ƙauyuka da kewayen Haikali a Urushalima. Mutum yakan sauka shi kaɗai ya nutse duk lokacin da bukata ta taso. Jama'ar Kumran, waɗanda aka fara gano littattafansu a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri a 1947, sun yawaita wanka ƙwarai, amma dokar ƙungiyarsu ta bayyana cewa ba teku ko kogin da zai tsarkake mai taurin zuciya.

A cikin wannan yanayi Yohanna Mai Baftisma ya fito, a shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariya bisa lissafin Luka, wato wajen shekara ta 28 ko 29. Nutsewa ba sabon abu ba ce ga masu sauraronsa. Sabon abin shi ne wani ne ke nutsar da mutum, a bainar jama'a, tare da furta zunubi, kuma ga dukkan alamu sau ɗaya. Ya kuma zaɓi Urdun, kogin da Joshuwa ya haye da jama'a zuwa ƙasar alkawari, kamar yana cewa sai sun sake shigowa daga farko. Ya gaya musu zama jikokin Ibrahim ba zai fisshe su ba. Da suka tambaye shi abin da za su yi, bai ƙara musu wanka ba: mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya wuce abin da aka ƙayyade, soja kada ya yi ƙwace. Yusufus, masanin tarihi Bayahude da ya yi rubutu a ƙarshen ƙarnin, ya tabbatar da labarin Yohanna da kisan da Hirudus Antibas ya yi masa a Makerus, ya kuma fahimci cewa a koyarwarsa adalci ne ke fara tsarkake rai kafin ruwa ya taɓa jiki. Wurin da al'ada ta nuna a matsayin inda yake baftisma, Al-Maghtas a ƙasar Jodan ta yau, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2015.

Baftismar Yesu da kansa ta zo da tambaya mai wuya, kuma Matiyu bai ɓoye ta ba: Yohanna ya so ya hana shi. Me zai kai wanda Kirista suka gaskata ba shi da zunubi cikin baftismar tuba? Amsar da ikilisiya ta riƙe ita ce ya shiga sahun masu zunubi ne domin ya ɗauki matsayinsu. Abin da ya ƙarfafa wannan fahimta shi ne yadda Yesu ya ambaci baftisma daga baya. A Markus sura ta 10 da Luka sura ta 12 ya kira mutuwar da ke jiransa baftisma. A bakinsa ne wanka da halaka suka zama abu ɗaya.

Game da wankan al'ada kuwa, a Markus sura ta 7 ya ba Farisiyawan da suka zargi almajiransa da cin abinci ba wanke hannu amsa cewa abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantar da mutum. Bilatus ma, a lokacin shari'ar Yesu, ya wanke hannuwansa a gaban taro kamar yadda Matiyu ya rubuta, amma hakan bai wanke shi ba.

Bisharar Yohanna ta fi sauran yawan maganar ruwa. A bikin Kana, tulunan dutse shida na ruwan tsarkakewa ne aka cika, ruwan ya zama ruwan inabi. Nikodimu ya ji cewa sai an haifi mutum ta ruwa da Ruhu, maganar da ke komawa ga Ezekiyel. Matar Samariya a bakin rijiya ta ji labarin ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga cikin mutum. Makahon da aka shafa wa laka a ido an aike shi ya wanke a tafkin Siluwam, wanda aka tono matakalansa a Urushalima a 2004. Amma sura ta 13 ce ta fi zurfi. Yesu ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi. Bitrus ya ƙi. Da ya ji cewa ƙin zai raba shi da Ubangijinsa, sai ya nemi a haɗa da hannu da kai. Aka amsa masa cewa wanda ya riga ya yi wanka, ƙafa kawai ta rage masa. Tun zamanin Agustin masu sharhi ke fahimtar wankan farko a matsayin baftisma da ba a maimaitawa, wankin ƙafa kuma gafarar da mai bi ke bukata kullum saboda ƙurar hanya. Yahuza, wanda zai bashe shi, ma yana wurin, shi ya sa Yesu ya ce ba dukansu ne tsarkakakku ba.

A Ayyukan Manzanni baftisma ta zama ƙofar shiga ikilisiya. Ranar Fentikos wajen mutum 3,000 aka yi wa. Ma'ajin sarauniyar Habasha ya tsayar da karusarsa a hanyar Gaza da ya ga ruwa, shi da Filibus suka sauka ciki. Yarin kurkukun Filibi ya wanke raunukan bulalar da ke jikin Bulus da Sila da tsakar dare, a daren kuma aka yi masa baftisma da iyalinsa. Sai dai littafin bai ɗaure Ruhu da ruwa a tsari ɗaya ba. A Samariya baftisma ta riga saukowar Ruhu, a gidan Karniliyus Ruhu ya riga baftisma, Siman mai sihiri kuwa an yi masa baftisma amma Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take da Allah ba.

Bulus ne ya bayyana ma'anar nutsarwa mafi nauyi. A sura ta 6 ta Wasiƙar Romawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 57, ya ce wanda aka yi wa baftisma an binne shi tare da Almasihu, domin ya tashi ya yi sabuwar rayuwa. A nan tsarkakewa ta wuce goge tabo daga jikin mutumin da yake nan yadda yake. Tsohon mutumin ne aka kai kabari. Abin da ya sa ba a maimaita ta ke nan, saɓanin wankan Shari'a. Wasiƙar Titus ta kira ta wankan sabuwar haihuwa, ta Galatiyawa ta kwatanta ta da sa sabuwar riga. Wasiƙar Ibraniyawa ta koma ga tokar karsana ta ce iyakarta tsarkake jiki, jinin Almasihu kuwa lamiri yake tsarkakewa. Bitrus ma, nan take bayan ya ce baftisma na ceto, ya ƙara da cewa ba wanke daudar jiki yake nufi ba, roƙon lamiri mai tsabta ne a gaban Allah. Wahayin Yohanna ya nuna taron da suka wanke rigunansu suka yi fari a cikin jinin Ɗan Rago. A ko'ina cikin waɗannan littattafai, ikon tsarkakewa na jinin ne da Ruhu, ruwan kuwa ba a taɓa barinsa ya tsaya shi kaɗai ba.

Yadda ake yin baftismar kuwa, Sabon Alkawari bai kafa ma'auni ba, kuma kowane ɓangare yana da madogara. Masu nutsarwa suna nuni da fitowar Yesu daga cikin kogi, da zaman Yohanna Mai Baftisma a Ainon saboda yawan ruwan wurin, da hoton binnewa. Masu zubawa ko yayyafawa suna nuni da alkawarin Ezekiyel da yadda aka zubo Ruhu daga sama. A gaskiya nutsarwa ta fi nuna abin da Bulus ya koyar, domin numfashi kan tsaya na ɗan lokaci, mutum kuma ba ya ɗago kansa, wani ne ke ɗago shi. Amma ba za a ce zubawa baƙuwa ce ba. Didake, wani ɗan littafin koyarwa na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, wanda aka sake gano shi a 1873, ya ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in mai sanyi bai yiwu ba a yi da mai ɗumi, in duka sun gagara a zuba a kai sau uku.

Saɓanin da ya fi zafi shi ne na wanda ya cancanta. Masu yi wa jarirai suna kafa hujja da gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya, kamar na Lidiya, da yadda Wasiƙar Kolosiyawa ta haɗa ta da kaciya. Tatuliyan, wajen shekara ta 200, ya ba da shawarar a jinkirta wa yara, abin da ke nuna cewa al'adar ta riga ta kafu. A watan Janairun 1525 wasu a birnin Zurik suka sake yi wa juna baftisma a matsayin manya, bayan shekara biyu kuma hukumar birnin ta kashe ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, ta hanyar nutsar da shi a Kogin Limmat. Abin baƙin ciki ne a tarihin ikilisiya cewa alamar tsarkakewa ta zama makamin kisa. Akwai kuma tambayar abin da ke faruwa a cikin ruwan. Katolika da Otodoks da Lutarawa sun gaskata Allah na aiki ta wurinsa yana ba da sabuwar haihuwa. Baftis da yawancin ikilisiyoyin bishara suna ɗaukarsa shaida ce a fili ta abin da ya riga ya faru a zuciya, suna tuna ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi ba tare da ruwa ba.

Waɗannan bambance-bambance duk suna nan a Arewacin Nijeriya. Katolika da Angalikan suna yi wa jarirai ta zuba ruwa a kai, ECWA da Baftis suna nutsar da wanda ya furta bangaskiya da bakinsa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ta gaji tsarin mutum takwas da suka yi baftisma a Kogin Eder na Jamus a 1708: mai karɓa yakan durƙusa a cikin ruwa a nutsar da shi ta gaba sau uku, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma ikilisiyar ta riƙe wankin ƙafa a cikin sujadarta. A 1982 wani taron Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya a birnin Lima ya fitar da takardar da ta nemi ikilisiyoyi su amince da baftismar juna, su guji duk abin da ya yi kama da maimaitawa. Da yawa sun karɓa. Waɗanda ke yi wa manya kaɗai kuwa har yanzu suna nutsar da wanda aka yi wa yana jariri idan ya shigo cikinsu, domin a ganinsu wannan ce baftismarsa ta farko.